Amsoshin Wasiƙunku: Maɓallin da Ke Buɗe Kati

Wani ɗalibi daga Garwa ya rubuto cewa yana gina wa kawunsa manhajar shago, inda kowane kaya yake cikin kati, katunan suna cikin jeri, kuma kowane kati yana da maɓallin gogewa. Da an danna gogewa sai katin ma ya buɗe. Wani ya yi masa tayin samfurin da aka riga aka gina a kan jaka ashirin da biyar, shi ne yake tambaya ko ya saya.

Ɗana, ka kwantar da hankalinka, domin burauza tana yin abin da aka tsara mata ne. Tun a shekarar 2000 hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta daidaita yadda saƙon dannawa yake tafiya: yakan sauko daga saman shafi zuwa abin da aka taɓa, sannan ya sake hawa ta kan duk ɓangarorin da suka kewaye shi, shi ya sa katin yake jin dannawar maɓallin da ke cikinsa. Ka ɗora mai sauraro guda ɗaya, wato kod da ke jiran saƙon dannawa, a kan jerin, ya duba event.target ya gane abin da aka taɓa. Jerin ne yake riƙe da bayanan kaya, saboda haka shi ya kamata ya goge. Aikin maɓalli sanarwa ne kawai, kamar yadda yaron shago ba ya rage farashi da kansa sai ya faɗa wa maigida.

Batun saye kuwa, kada ka kuskura. Na taɓa buɗe irin wannan samfuri da wani matashi ya saya ta WhatsApp, na tarar an liƙa stopPropagation, wato umarnin da ke hana saƙon hawa sama, a kusan kowane maɓalli don ɓoye wannan matsalar. Sakamakon haka, jerin zaɓi ya daina rufewa idan an taɓa gefe, domin saƙon ba ya isa sama. Kuma ba a cire masu sauraro da removeEventListener bayan an rufe ɓangare ba, sai suka yi ta taruwa har ƙaramar waya ta fara tsayawa. Irin waɗannan samfura, ba ka san abin da aka cusa a cikinsu ba, kuma kuɗin da ka tura ta Orange Money zai yi wuya su dawo. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ganin cewa shafin MDN na masu gina shafukan yanar gizo ya yi bayanin duk wannan kyauta, har da Faransanci.

Wata ɗaliba daga Marwa tana fargabar cewa ba ta gane React ba, wato kayan aikin gina shafi ɓangare-ɓangare, saboda ɓangaren ciki ya kasa canja bayanan na waje. 'Yata, kin gane sarai. Na waje ne yake miƙa aikin da za a kira ta hanyar props, wato bayanan da yake miƙa wa na ciki, na ciki kuma ya kira shi idan an danna. Ba ki buƙatar biyan kuɗin wani kwas a kan wannan.

Wani daga Injamena kuma yana tambaya ko kwamfuta mai tsada za ta hana dannawa ɗaya yin aiki sau biyu. Malam, ina ruwan kwamfuta da wannan? Ka duba kod ɗinka, mai yiwuwa kana ɗora sabon mai sauraro duk lokacin da aka sake zana ɓangaren.