"Da Sauƙi" Ba Ya Shiga Fayil: Amsa Ga 'Yata Mai Son Zuwa Saudiyya Aikin Jinya

Assalamu alaikum 'yata. Na ji saƙonki na murya a motar da ke mayar da mu masauki bayan aikin dare. Kin ce saura miki shekara guda ki gama digirin jinya, kina son zuwa nan Jidda aiki, in nemo miki inda ake koyar da Larabci da sauri, domin Turanci kam ba matsala, kin ci shi a WAEC. Kin kuma turo babi na biyu na kundinki, wai Goggo ta duba ta sa albarka. Ke ce ta huɗu da ta yi min wannan tambayar tun bayan babbar salla, shi ya sa zan rubuta da tsawo. In wata ta sake tambaya, ki tura mata.

Albarka na sa. Babin kuwa sai an sake shi, zan zo kansa.

Larabcin da za ki yi da mara lafiya, a bakin gado za ki tsince shi cikin 'yan watanni: ina ke ciwo, miƙo hannu, kada ka ci komai bayan sha biyun dare. 'Yan Filifin da 'yan Indiya da suka cika asibitocin nan yawancinsu ba su taɓa zama a Islamiyya ba, ga su suna aikinsu. Ke da kika sauke Alƙur'ani ai kin fara da ƙafar dama. Amma umarnin likita da Turanci yake zuwa, takardar magani da Turanci, rahoton miƙa aiki da Turanci. Jarrabawar lasisi ta hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, wadda ake zaunawa a cibiyoyin Prometric, ita ma da Turanci ce. Kafin nan DataFlow, kamfanin tantance takardu, za su bi takardunki ɗaya bayan ɗaya har makarantar da ta ba ki su da hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya. Wannan duk kin sani ko za ki sani, ba shi ne ya sa na ɗauki waya da ido cike da barci ba.

Turancin da muka taso da shi a gida Turancin roƙo ne. An koya mana rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa cikin ladabi, a yi ta kewaye-kewaye kafin a zo kan magana, a zuba manyan kalmomi don mai dubawa ya san an yi karatu. Ni da wannan Turancin na zo, ina taƙama da shi, kuma shi ya kusa cin aikina a wata na biyu.

Wani dattijo ne Bahaushe, cikin mutanenmu da suka daɗe a ƙasar nan, aka yi masa aiki a ciki, aka ba ni shi a aikin dare saboda muna jin yaren juna. Ƙarfe uku na je na duba shi. Na ce, "Baba, ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi 'yar nan, alhamdu lillahi." Na auna shi, na cika lambobin a inda ake cika su, sannan a wurin bayani na rubuta da Turanci mai kyau cewa mara lafiya ya samu sauƙi, yana hutawa cikin kwanciyar hankali. Likitan da ya zagayo da asuba bayanina ya karanta ya wuce. Alhali bugun zuciyar Baba ya tashi daga 88 zuwa 112, fitsarin da ke cikin leda bai taka kara ya karya ba, kuma da idona na gan shi ya naɗe ƙafa ya dafe ciki. Duk na gani. Ban rubuta a bayanin ba, domin ya ce da sauƙi.

Ke kin sani, ni ma na sani, Bahaushe ko ransa na fita za a ce masa ya jiki ya ce da sauƙi. Gaisuwa ce da tawakkali. Ni na ɗauke ta na juya ta Turanci na sa a fayil kamar sakamakon gwaji.

Masu aikin safe suka gano halin da yake ciki, aka mayar da shi ɗakin tiyata, Allah ya yi da sauran kwana. Aka cika takardar rahoton kuskure, wadda a nan ake kira OVR, da sunana a kai. Shugabar sashenmu ta tsayar da ni gaban ɗalibai, ta ɗaga abin da na rubuta ta ce, ya fi sauƙi a kan yaushe? Da me kika auna? Sannan ta ƙara da cewa mu 'yan Afirka labari muke rubutawa. Tambayoyinta biyu gaskiya ne. Maganar ƙarshen ce har yau in na tuna sai na ji ɗaci, domin likitan da bai ko kalli lambobin ba babu wanda ya tsayar da shi gaban kowa. Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska, na koma na ƙarasa aikina. Yau shekara tara, kuma ni ake turo wa sababbin ma'aikata in koya musu rubutun fayil.

Abin da ya kamata in rubuta a daren nan gajere ne. Lokaci, 03:00. Mara lafiya ya ce "da sauƙi", amma da aka ce ya kimanta ciwon daga 0 zuwa 10 ya ce 7. Yana kwance a naɗe, ya dafe ciki. Bugun zuciya 112, awa huɗu baya 88. Fitsari mililita kaza tun ƙarfe kaza. An sanar da likita 03:10, ga abin da ya ce, ga abin da aka yi, za a sake dubawa 03:30. Babu "ina ganin", babu "kamar", babu "lafiya lau". Fayil shaida ce, kuma mai ba da shaida abin da ya gani yake faɗa. Wata rana lauya ne zai karanta shi, ke kuma kin manta fuskar mara lafiyar ma.

An koya muku SOAP, na sani, amma don a ci jarrabawa aka koya muku. Wani likitan Amurka, Lawrence Weed, ya fito da tsarin a shekarun 1960, kuma amfaninsa shi ne ya raba abu huɗu da bakinmu ke son cakuɗawa: abin da mara lafiya ya faɗa, abin da kika gani kika auna, fahimtarki a kai, sai abin da za a yi. Da na raba su a daren nan, "da sauƙi" zai zauna a gidan farko, 112 a gida na biyu, kowa ya ga ba su jitu ba. Tsarin kiran likita a waya kuma SBAR ne: halin da ake ciki, tarihin mara lafiya a taƙaice, kimantawarki, abin da kike so likita ya yi. Likitan da kika tasa daga barci ba zai jira ki tambayi iyali da gajiya ba. Ni sai da na yi wata guda ina rubuta layi huɗun nan a bayan hannuna kafin in ɗaga waya.

Ki kula da fassara, domin duk sanda aka kawo alhaji ko hajiyar da ba ta jin Larabci ke za a kira. "Zuciyata na tashi" amai take ji, in kika juya shi kalma da kalma za a kwashe ta a kai wa likitan zuciya. "Zazzaɓi" a bakin mutanenmu yakan zama kasala ce kawai ko ciwon gaɓoɓi, sai ki sa ma'aunin zafi kafin ki rubuta. "Ciwon ciki" kuwa daga ƙirji har mara ne, ki ce ta nuna da yatsa ɗaya.

A waya, sha biyar da hamsin na Turanci kusan sauti ɗaya ne, balle an haɗa bakin Bahaushiya da na Bamisire. Mu muna rikita p da f, 'yan Filifin ma haka, Larabawa kuma p ɗinsu b ce, to kin ga kasuwa ta ci. Ki maimaita umarni lamba-lamba, ɗaya biyar, ki jira ya ce e. A rubuce kuma akwai gajerce-gajercen da hukumar Joint Commission ta Amurka ta hana tun 2004, asibitocin nan da yawa suna bi. Ba a rubuta U a madadin yunit na insulin, domin 10U da hannun gaggawa 100 ne. Ba a rubuta 5.0, ɗigon zai ɓace ya zama 50. Ba a rubuta .5, sai 0.5. In kin yi kuskure a takarda, layi ɗaya za ki ja a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ki sa hannu da lokaci. Farin ruwan gogewar nan ki bar shi a Kano.

To, babinki.

'Yata, shafi goma sha ɗaya kika turo, na ji muryoyin mutum shida a ciki, ban ji taki ba. Wani sakin layin Turancin Ingila, na bayansa na Amurka, wani har launin rubutun bai canza daga inda kika kwafo shi ba. A manazarta kin sa Google. Google hanya ce, ba a kafa hujja da hanya. Ban ga laifinki ke kaɗai ba. Mun taso inda ɗalibin kirki shi ne wanda ya mayar wa malami kalmominsa ba ragi ba ƙari, sai rana tsaka a ce masa wannan satar fasaha ce. Ni ma da na shiga karatun ƙarin digiri daga nan, jingar farko da na miƙa, Turnitin, manhajar gano satar fasaha, ya rine ta kamar an tsoma a marina.

Abin da ya warware min ba malamin Turanci ba ne, karatun hadisi ne. Kin san maganar Abdullahi ɗan Mubarak da Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa: isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. To madogara a rubutun ilimi isnadi ce. A shafinki na uku kin ce duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9. Haka aka ƙiyasta a 2020, amma wa ya faɗa miki? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ne na 2020 kan halin da aikin jinya ke ciki, wanda ya ce ma'aikatan jinya a duniya sun kai miliyan 27.9. Sai ki sa sunan hukumar da shekarar a baka biyu nan take, cikakken bayanin kuma a manazarta. In a cikin maƙalar wani kika ga maganar, ba ki buɗe rahoton da kanki ba, ki faɗi haka. Tsallake wanda kika ji daga bakinsa ki jingina da na sama, malaman hadisi tadlisi suke ce masa, kuma ba yabo ba ne.

Tsarin kafa madogara da yawancin makarantun jinya ke bi APA ne, bugu na bakwai da ya fito a 2019: sunan ƙarshe na marubuci da shekara a cikin rubutu, in sun kai uku ki ambaci na farko ki ce da sauransu, in kalmominsa kika ɗauko daidai ki sa alamar zance da lambar shafi. Mujallun likitanci sun fi son Vancouver, mai lambobi, wanda ya samo suna daga taron editoci a birnin Bankuba na Kanada a 1978. Ki tambayi mai duba kundinki wanne yake so, ki tsaya a kansa. Ke kin gauraya biyun a shafi ɗaya. Ki saukar da manhajar Zotero, kyauta ce, za ta jera miki manazarta, amma ki bi bayanta domin sunayenmu da na Larabawa takan juya su.

Canza kalma biyu-uku a jimlar wani ba ya mayar da ita taki. Yadda nake yi har gobe: in karanta sakin layin, in kife wayar, in faɗa wa kaina da Hausa abin da mutumin ke nufi, kamar ina yi wa Inna bayani. In na kasa, ban gane ba ke nan, sai in koma. In na iya, sai in rubuta da ƙaramin Turancina, in sa sunansa. Turancin zai fito gajere ba ado, kuma irinsa ake so, a kundi da fayil duka.

Madogara uku a babinki na neme su a rumbunan binciken maƙalu, PubMed da Google Scholar, babu su a duniyar Allah. Na san daga inda suka fito. ChatGPT da 'yan uwansa suna ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara, komai tsaf kamar gaske. Duk maƙalar da ba ki buɗe da idonki ba, ko ba ki bi lambarta ta DOI kin ga ta kai ki wurinta ba, ki cire ta yau. Na sa musu jan layi.

Kin ambaci cewa in nan bai yiwu ba za ki gwada Ingila. Can ma sai kin ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, kuma ɓangaren rubutu na OET wasiƙa ce za ki haɗa daga bayanan fayil, wato dai wannan aikin ne. Saboda haka kuɗin ajin Larabcin ki riƙe abinki tukuna. Daga gobe, duk mara lafiyar da aka ba ki a asibitin koyarwa, in kin koma ɗaki ki rubuta masa SOAP a littafinki, ba suna, ba lambar fayil, ba hoto. Ki turo min guda biyu duk Juma'a, ranar nake hutu. Zan yi miki irin tambayar da aka yi min, sai dai ni ba a gaban mutane ba.

Babin kuma ki fara da shafi uku kawai, daga maƙala biyar da kika karanta da gaske. Ki gaida Yaya, ki ce masa kukar da ya aiko da masu Umara ta iso, daddawar ce ba su kawo ba.