Fim ɗin tsoro mai kala da mai baƙi da fari: wanne zan ajiye?

Tambaya: Malam, ina da Night of the Living Dead na 1968 iri biyu, ɗaya baƙi da fari, ɗaya mai kala. Wanda ya tura mini ya ce mai kalar ne gyararre, wai kwamfuta ce ta tono launin asali. Amma da na kalla sai na ji tsoron ya ragu sosai. Idona ne, ko an cuce ni? Wanne zan goge?

Amsa: Idonka lafiya lau. Kada ka kuskura ka goge mai baƙi da farin.

Maganar nan ta "tono launin asali" kullum sai an zo mana da ita, kuma babu ƙamshin gaskiya a cikinta. Faifan baƙi da fari ƙarfin haske kawai yake kamawa. Jan riga da koren riga suna iya fitowa toka-toka iri ɗaya, babu wata na'ura a duniya da za ta tantance maka wanne ne wanne. Abin da ake yi shi ne a zaɓi hoto guda a kowace fitowa, ma'aikaci ya shata fuska da tufafi da bango, ya ba kowanne launin da ya ga dama, sannan kwamfuta ta bi motsin. Hoto 24 ne a kowace daƙiƙa, fim mai minti 96 ya haura hoto 138,000, don haka kuskure dole ne. Manhajojin zamani kuwa cinke suke yi kawai.

Ga shaida a fim ɗinka. Da Hal Roach Studios suka yi masa kala a 1986, fatar gawawwakin da ke tashi suna yawo kore suka yi ta. Wadda ta fito a 1997 kuma toka ce. In launin yana cikin faifan, ta yaya zai canza? Jinin ma ruwan cakulan ne daraktan fim ɗin, George Romero, ya yi amfani da shi, domin a baƙi da fari ya fi kama da jini. Da tonowa ake yi, ai ruwan kasa za ka gani ba ja ba. Abin takaici, fim ɗin ba shi da haƙƙin mallaka a Amurka saboda an manta sa alamar a kansa, shi ya sa kowane ɗan koyo ke shafa masa fenti ya saki da sunan gyara.

Tsoron ya ragu ne saboda launi ba ya zama a kan baƙi ƙirin. Dole su haskaka inuwa kafin kalar ta kama, alhali a cikin inuwar nan darakta ya ɓoye abin firgitarwar.

Gwada da kanka: mayar da kalar talabijin ɗinka sifili, ka kwatanta biyun. A mai kalar, duhun zai koma kamar hazo. Duba kuma haƙora da farin ido, sau da yawa a toka suke zama. Duba gefen gashi inda launin fata ke malala, da rigar da ke sauya launi in mai ita ya juya.

Sai dai a bambanta wannan da rinin fina-finan da ba su da magana. Nosferatu na 1922 tun farko da rini ya fito: shuɗi na dare, ruwan ɗorawa na rana, domin da rana aka ɗauki fitowar dare. Wanda ya cire wannan rinin shi ne ya ɓata fim ɗin, tunda za ka ga dodon da hasken rana ke kashewa yana yawo tsakar rana.