Motata tana shan wuya a Hawan Kibo, in ci bashi in sa mata turbo?

Tambaya daga wani ɗan kasuwar hatsi a Jos: "Ina da Hilux mai injin gas, tsohon injin nan 5L, ina ɗauko shinkafa da ita daga Lafiya zuwa Jos sau biyu a mako. Na haɗa mata ƙaramar tirela ƙirar gida, marar birki. Buhu 20 a bayan mota, buhu 25 a tirela. Ɗan yayata ke tuƙawa, ni ina shago. Wata uku ke nan yana kuka cewa a Hawan Kibo sai ya koma giya ɗaya, ga baƙin hayaƙi, ga allurar zafi tana tashi, kuma kuɗin gas da nake ba shi ba ya isa. Bakanike ya ce a buɗe famfo a sa turbo, naira miliyan ɗaya da dubu 200, wai bayan haka har buhu 60 za ta ja. Ina so in karɓi bashi wurin wanda nake sarin shinkafa. Me kuka gani?"

Alhaji, kada ka karɓi bashin nan. Ka sake karanta wasiƙarka: duk abin da ka faɗa game da motar, ɗan yayarka ne ya faɗa maka. Giya ɗaya, shi ya ce. Gas ba ya isa, shi ya ce. Buhu 45 kuwa shi ne abin da ka biya a Lafiya da abin da aka sauke maka a Jos. Abin da ke kan motar tsakanin Akwanga da Mararrabar Jama'a ba ka san shi ba. A da tana hawa da wannan lodin, wata uku da suka wuce ta daina. Dutsen bai ƙara tsawo ba. Ko injin ne ya canza, ko lodin, kuma ba ka da littafin da zai nuna maka wanne ne. Kana shirin zuba sama da miliyan a kan cutar da ba ka gwada ba.

Ban ce yaron ɓarawo ba ne. Amma lodin hanya tsohuwar al'ada ce a aikin tuƙi: buhu goma na wani a Akwanga, fasinja uku a kan kaya, a sauke su kafin Bukuru. Kuɗin ya shiga aljihun direba, gas da taya da kuloci kuma su fita daga naka. Da bare ne, da tuni ka bi motar ka gani. Kunyar yayarka ce ta zaunar da kai a shago.

Ko ma babu buhu ɗaya na gefe, lissafin ba ya tare da kai. Buhu 45 na kilo 50 kilo 2,250 ne. Ƙara nauyin motar, kusan kilo 1,700, da na tirela, ka ce 450, da mutum biyu da cikakken tanki. Ka kai tan huɗu da rabi. A hawan da ke tashi mita 8 cikin kowane mita 100, in ana gudun kilomita 40 a awa, kowane tan ɗaya yana cin ƙarfin doki kusan 12 don hawan kaɗai. Doki 55 ke nan, kafin a cire abin da giya da taya da fanka suke ci. Injin 5L ko yana sabo bai kai doki 100 ba. Ga shi ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska, iskar da ya samu ita yake shaƙa, kuma irin wannan injin yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Jos tana kan tudun mita 1,200 da ɗoriya, wato kusan kashi ɗaya bisa goma ya tafi daidai inda aka fi buƙatarsa. Tirelar kuma: kamfanonin mota suna tsayar da marar birki a kilo 750, har da nauyinta. Taka ta kai 1,700. Wannan ya fi tayar min da hankali a kan hayaƙin, domin Hawan Kibo a gangara ya fi cin mutane.

Buɗe famfo, wato famfon da ke tura gas cikin injin, ƙara gas ne ba tare da ƙara iska ba. Baƙin hayaƙin da ake gani yanzu gas ne da bai ƙone ba, wato tun yanzu gas ya fi iskar yawa. In aka ƙara, motar za ta ɗan yi kuzari a shimfiɗaɗɗen titi, zafin cikin silinda kuma ya hau. Yadda abin ke ƙarewa sananne ne a kowane gareji: wata na farko mai mota yana ta yabon bakanike, ya ƙara buhu goma tunda mota ta yi ƙarfi, rannan da tsakar rana a tsakiyar hawa gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Shinkafa ta kwana a gefen titi, a biya mai janwe, a nemi wani injin na gwanjo, bashin turbo kuma yana nan ko kwabo bai ragu ba. Turbo a kan 5L ana yi, amma injin ne mai matsi sosai, kusan 22 bisa 1, wanda ba a ƙera shi don haka ba. Sai da layin baƙin mai, da sanyaya iska, da saita famfo a kan benci, da agogon zafin salansa da direba zai riƙa dubawa kada ya wuce digiri 700. Ka tambayi bakaniken ko agogon nan yana cikin kuɗin da ya yanka. Kuma turbo ba ya ƙara wa kuloci, sifirin ko birki komai. Zancen buhu 60 ka bar shi inda ka ji shi.

Abin yi na farko ba ya cin ko sisi. Tafiya mai zuwa ka shiga motar da kanka, kada ka sanar sai an gama lodi. Ka cika tanki a Lafiya, ka rubuta lambar kilomita, ka sake cikawa a Jos, ka rubuta lita nawa ta sha. In ta hau a giya biyu lafiya lau kuma gas ya isa, ka samu amsarka. In ta yi wahalar da aka faɗa, yaron ya fita daga zargi, sai a koma kan injin.

A can ma daga mai araha ake farawa. Filtar iska tukuna: ƙurar hunturu tana toshe ta, kuma ita ce kan gaba wajen kawo baƙin hayaƙi da kasala. A sa sabuwa, busawa ba ta isa ga wadda ta tsufa. Sai filtar gas, a tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasanta. A cire nozul huɗun a kai wurin masu gwaji, a ga ko suna feshi ko ɗiga suke yi. A duba saitin famfo da na bawul, a kuma tambayi ranar da aka canza bel ɗin tayimin. In ya kusa kilomita 100,000 a canza, don in ya tsinke bawul da fistin ne za su yi karo. Maganar zafi kuwa, a wanke lagireto ciki da waje, a canza murfinsa, a gwada fankar: in injin ya yi zafi aka kashe shi, fanka na juyawa sakaka da ɗan yatsa, ta mutu. In an cire tamostat, kamar yadda wasu ke yi wai don maganin zafi, a mayar. A daina zuba ruwan rijiya. Kuloci: a giya huɗu a taka totur, in ƙarar injin ta tashi gudu bai ƙaru ba, yana zamewa. A taɓa kowace ƙafa bayan tafiya, har da na tirela. Wadda ta fi sauran zafi, birki ne ke kamawa ko boris ya bushe. In an sa manyan tayoyi don ado, a mayar da na asali, suna cinye ƙarfin ja. Duk wannan ba zai kai ko kusa da kuɗin turbo ba.

Direban ma a koya masa. A sauko da giya kafin a shiga hawa, ba sai mota ta fara shaƙewa ba, a riƙe injin tsakanin juyi 2,400 da 3,000, a kashe AC. Danne totur a babbar giya shi ke kawo hayaƙi da zafi. In allura ta tashi a tsaya a bar injin yana aiki ya huce, kada a buɗe murfin lagireto. A saukowa, giyar da aka hau da ita da ita ake sauka.

Sannan littafi. Kowace tafiya layi ɗaya: kwanan wata, buhu nawa, lita nawa, kilomita nawa, gyara, kuɗin hanya, albashi. Ka daina ba da kuɗin gas a dunƙule, ka yi yarjejeniya da gidan mai ɗaya suna rubuta lita. Yaron kuma ka yanka masa lada a kan kowace tafiyar da ya isa lafiya da gas daidai ƙima, domin direban da ake biya da "ai ɗa ne" a kan hanya yake biyan kansa.

Bayan tafiya takwas, wata guda ke nan, ka raba jimillar kuɗin da yawan buhunan. Ka je tashar manyan motoci a Lafiya ka tambayi nawa suke ɗaukar buhu zuwa Jos. In nasu ya fi araha, ka ba su shinkafar, Hilux ta koma rarraba kaya cikin gari. In naka ya fi araha kuma kasuwarka da gaske tana neman tan uku a tafiya, wannan aikin Canter ne ko Dyna, sai ka fara tara kuɗinta daga riba, ba daga hannun mai sayar maka da shinkafa ba, wanda daga ranar da ya ba ka bashi ba za ka ƙara iya taya masa farashi ba. Kafin nan, tirelar ta tsaya a buhu shida, ko a sa mata birki.