Filin Tambaya da Amsa: Motata na mutuwa a danja

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2007, kuma tun bayan hunturu, da zarar na tsaya a danja sai ta kama karkarwa, wani lokaci ma ta mutu, musamman idan na kunna esi. Bakanikena ya canza filogi amma abin bai daina ba, yanzu kuma ya ce sai an sayi sabon gidan totur. Shin babu wata mafita? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar fitar da kuɗi, domin alamun da ka zayyana sun fi kama da na datti.

Gidan totur shi ne maƙogwaron injin. Yana tsakanin matatar iska da bututun da ke raba iska ga silindoji, kuma a cikinsa akwai wani faifan ƙarfe da ke buɗewa idan ka taka totur. Idan mota tana silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, faifan kusan a rufe yake, 'yar siririyar kafa ce kawai iska ke bi. To, tururin baƙin mai da ke dawowa daga cikin injin yana haɗuwa da ƙura, irin wadda hunturu ke jibgewa, ya zama baƙin danƙo a gefen faifan har ya cushe kafar. Injin da ya kamata ya tsaya a wajen juyi 700 a minti bayan ya yi zafi sai ya shaƙe, esi kuma ya ƙara masa nauyi.

Mafita ita ce a wanke gidan totur ɗin. A bari injin ya huce, a cire kan batir, a zare wayar lantarkin da ke jikin gidan, sannan a kwance shi. A fesa maganin wanke totur a kan tsumma mai laushi a goge, lungunan kuma a bi su da tsohon buroshin haƙori har ƙarfen ya yi fes. Kada a kankare da sukudireba ko sanfefa, kuma kada maganin ya kwarara cikin baƙar robar da ke gefe. Nan ne nake yawan saɓawa da kanikawanmu: motarka ba ta da igiyar totur, ƙaramar motar lantarki ce ke juya faifan, don haka banƙare shi da ƙarfin yatsa na iya lalata haƙoran da ke ciki. Idan gasket ɗin, wato abin da ke toshe tsakanin gidan da bututun don kada iska ta zurara, ya tsage, a sa sabo, a kuma duba matatar iska.

Bayan an mayar, silo na iya hawa sama na ɗan lokaci kafin kwamfutar motar ta saba da yawan iskar, saboda haka kada a taɓa wata ƙusa da sunan saiti. Idan karkarwar ta ci gaba, ko fitilar injin ta kama, a sa na'urar bincike ta karanta matsalar, a kuma duba ko akwai tiyon da ya tsage yana zuƙar iska, kafin a yi maganar sayen sabo.