Gwajin gudu a kan na'ura: zai cutar da yaro?

Hajiya, kin ce likita a Gusau ya rubuta wa ɗanki mai shekara 12 wannan gwaji saboda yana saurin haki in yana ƙwallo. Ki kwantar da hankalinki. Za a liƙa masa wayoyi a ƙirji, yana tafiya likita na kallon bugun zuciyarsa. A tsarin Bruce, wato ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi wajen yin wannan gwaji, duk minti 3 ana ƙara wa na'urar gudu da tudu har sai ya gaji. Da ya ce jiri ko ciwon ƙirji, nan take a tsayar. Ki ja masa kunne kada ya rataya a jikin ƙarfen gefe, yara na yawan yi don tsoro, kuma yana ɓata sakamako. Kada ya ƙoshi da tuwo kafin ku tafi, ya sa takalmin gudu, ba silifa ba.