An Buga Wa Tsohuwar Motata Ta Baya: Wa Zai Biya, Kuma Nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2004. Makon jiya a titin Zariya a Kano wani ɗan adaidaita ya tsaya kwatsam a gabana zai ɗauki fasinja, na taka burki, sai mai wata jif ya daki motata ta baya. Bamba ta fashe, but ya lotsa har ba ya rufuwa. Inshorata irin ta naira 15,000 ce. Mai jif ɗin ya ce laifina ne tunda ni na tsaya ba zato, amma dai ya ba ni sunan kamfanin inshorarsa. Abokai sun ce kada in wahalar da kaina, wai tsohuwar mota ba a biyan ta. Yaya zan yi? Kuma ta yaya mutum zai kauce wa irin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba.

Maganar mai jif ba ta da ƙwari. A ƙa'idar tuƙi, na baya ne ke da alhakin barin tazarar da za ta ishe shi tsayawa ko da na gaba ya taka burki ba shiri, domin yaro na iya tsallakowa, akuya na iya faɗowa titi. Abin da zai iya jawo maka kaso a laifin kaɗan ne: idan fitilun burkinka ba sa kawowa, ko ka yanko gabansa ka tsaya, ko kana ja da baya. In babu ko ɗaya, nauyin yana kansa.

Inshorarka kuwa ba za ta gyara maka mota ba. Ita wannan ta dole, wadda hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun 1 ga Janairun 2023, an yi ta ne don ta biya wanda kai ka yi wa ɓarna. To yau kai aka yi wa, saboda haka inshorar mai jif ce za ta biya ka, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3 ga motar gida. Abin da ya haura haka shi da aljihunsa. Kafin ka taka ko'ina, duba lambar motarsa a rumbun bayanan NIID na kamfanonin inshorar Najeriya, a shafin askniid.org. Takardun bogi sun yi yawa, musamman waɗanda ’yan kan-ta-waye ke haɗa wa mutum tare da sauran takardun mota. Idan tasa ba ta fito ba, babu kamfanin da za ka bi; shi za ka riƙe, ta sulhu ko ta kotu.

Batun tsufar mota shi ne inda abokanka suka ɗan taɓo gaskiya, amma suka wuce gona da iri. Ana biyan tsohuwar mota. Sai dai inshora ba ta yi alkawarin sabunta maka ita ba, alkawarinta shi ne ta mayar da kai inda kake kafin a buge ka. Ma'aunin shi ne kuɗin da motar za ta yi a kasuwa ana gobe haɗarin. Ba kuɗin da ka saye ta ba, ba kuma ƙaunar da kake mata ba. Daga nan abubuwa biyu kan taso. Idan za a sa sabuwar bamba a madadin wadda ta haura shekara 20, kamfani na iya cewa ka samu ƙari, ya zaftare wani abu. Maganin wannan shi ne ka kawo farashin kayan Beljiyam masu kyau daga Ƙofar Ruwa, a rubuce, domin su ne daidai da abin da ka rasa, kuma babu hujjar rage maka a kansu. Na biyun ya fi zafi: idan kuɗin gyara ya kusa kamo darajar motar, sai su ce ta tashi aiki, su biya ka kuɗinta su ɗauke ta, ko su bar maka ita su cire kuɗin ƙarfen. A nan ake cutar masu tsofaffin motoci, don sau da yawa farashin farko da ake tayawa yana ƙasa da kasuwa. Kada ka yi saurin sa hannu a takardar sallama, domin da zarar ka sa, magana ta rufe. Nemo tallan Corolla mai shekarar taka da irin lafiyarta, ka haɗa da rasiɗin abin da ka kashe mata kwanan nan, inji ne ko giya ko tayoyi. Motar da ke da tarihin gyara a rubuce ta fi wadda mai ita ke rantsuwa da baki.

Kada fanel bita ya taɓa ta kafin jami'in kamfanin ya zo ya duba ɓarnar da idonsa. Wanda ya gyara sannan ya kai rasiɗi ya ba su hanyar zillewa da hannunsa. But ɗin da ba ya rufuwa ma abin lura ne: a ɗaga shimfiɗar ciki a duba ramin safaya da ƙarafan shasi na baya, saboda in sun tanƙware, kuɗin gyaran ba na bamba kaɗai ba ne, kuma motar za ta riƙa cin taya gefe guda. A sa wannan a cikin ƙiyasin tun farko.

Sauran aikin takarda ne. Ka kai rahoto sashen kula da haɗurran mota na ’yan sanda ka karɓi kwafi, ka haɗa hotunan wurin da na motocin biyu da lambobinsu a bayyane, da lasisinka, da takardun mota, da ƙiyasin gyara. Mai jif shi ma dole ya sanar da kamfaninsa, kuma mako guda ya riga ya wuce, don haka ka matsa masa. Ka rubuta wa kamfanin wasiƙa, su buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In suka yi ta ja maka rai, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi. Idan kuma kuka zaɓi sulhu, kamar yadda aka fi yi a wajenmu, babu laifi, amma a rubuta adadi da ranar biya a gaban shaidu. "Kai ta gareji zan zo" ta bar motoci da yawa suna shan ƙura.

Game da kaucewa, a daina auna tazara da ido, a auna ta da lokaci. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta bar totur ta sauka kan burki, daƙiƙa ɗaya da rabi na iya wucewa, wato mita 25, tsawon Corolla biyar da ɗoriya, burki bai ma fara aiki ba. In gudu ya ninka biyu, nisan da burki ke buƙata sau huɗu yake ninkawa. Saboda haka idan na gabanka ya wuce wata alama, turken wuta ko allo, ƙirga daƙiƙa 3 kafin ka iso ta. A ruwan sama ko hazon hunturu ka ninka. A bayan ɗan adaidaita ko motar haya, ka ɗauka cewa duk mai tsaye a bakin titi fasinjansa ne.

Wannan tazarar ta gaba ita ce kuma ke kare maka baya, don mai sarari a gabansa a hankali yake rage gudu, na bayansa ya samu lokacin gani. Idan wani ya manne maka, kada ka tsorata shi da burki. Ƙara tazarar gabanka, ka ba shi hanya ya wuce. A tsohuwar mota, ka sa yaro ya tsaya a baya lokaci-lokaci ka taka burki ya gaya maka ko duka fitilun na kawowa, har da ta tsakiya. Man burki yana shan danshi, a canza shi kamar duk shekara 2. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar da ta tsufa ta bushe ba ta kama kwalta ko da zanenta bai cinye ba. Matashin kan kujera kuma a ɗaga shi har samansa ya yi daidai da saman kanka. In wuyanka ya fara ciwo ko ya sage bayan wannan bugun, ka je asibiti, ka ajiye takardun, domin inshorar mai jif ta haɗa da rauni a jiki.