Na goge TikTok da Facebook, me ya sa nake jin ƙunci?

Ƙanwata, kin ce kwana uku ke nan da gogewa, sai ƙunci da rashin sukuni. Ƙwaƙwalwa ce ta saba da ɗan daɗin da take ji duk sanda saƙo ya shigo. Ni ma da na goge su, a adaidaita daga Kabuga zuwa Kwari hannuna ya yi ta lalubo waya ba dalili. Bayan mako biyu barcina ya daidaita, na daina auna kaina da ankon bikin wasu.

Kuskuren shi ne zaman kaɗaici. Ki kira 'yan uwa, ki leƙa maƙwabta. In ƙuncin ya haura mako biyu, ki ga likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano. In tunanin cutar da kanki ya zo, ki tafi ranar.